Kwana goma a bakin ruwan Epe, ina koyon ɗaukar hoton tsuntsu

Sana'ata ɗaukar hoton biki. A Agege aka haife ni, a nan na girma, kuma shekara bakwai ke nan ina bin ɗaurin aure, suna da walimar saukar Alƙur'ani da kyamara a wuya. Aiki ne da ka saba da ba da umarni: ango ya matso, amarya ta ɗaga kai, Alhaji ya gyara hula, kowa ya yi yadda ka ce. A watan Agustan bara bukukuwa suka yi ƙaranci, makarantu na hutu, Kawu kuma, ƙanin mahaifiyata da ke kiwon shanu da tumaki a wani ƙauye can bayan Epe, ya dame ni da waya cewa rabona da gidansa tun ina ɗan sakandare. Na daɗe ina kallon hotunan tsuntsaye a Instagram ina jin sha'awa, sai na ce bari in haɗa zumunci da gwaji.

Shirin farko shi ne gilashin kyamara. Wanda nake aikin biki da shi ba ya jawo abu mai nisa, don haka na nufi Computer Village a Ikeja neman mai milimita 70 zuwa 300, na hannu. Wani tsohon mai hoto a unguwarmu ya gargaɗe ni tun kafin in tafi: kada in biya sai na cire murfin gaba da na baya, na haska fitilar waya ta ciki. Na farko da aka miƙo mini yana sheƙi a waje, amma da na haska sai ga wasu zare-zare farare kamar saƙar gizo-gizo. Fumfuna ce, wadda laimar Legas ke haifarwa a cikin gilashi, kuma in ta yi nisa tana cin fuskarsa har abada. Na mayar, na ɗauki wani mai ɗan kwarzane a jiki amma cikinsa tas. Na ari madubin hangen nesa wajen wani abokina, irin wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa, wato yana kusanto da abu sau takwas. Na tanadi batir uku saboda an ce wuta ba ta zama a ƙauyen, da robar abinci mai murfi da na zuba mata ƙananan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. A cikinta kyamara ta riƙa kwana. Sai takalmin roba, man sauro, da ɗan littafin rubutu.

Daga Agege na hau danfo zuwa Ketu, daga nan Ikorodu, sannan hanyar Itoikin har Epe, inda ɗan Kawu ya ɗauke ni a babur. Na dace da lokaci. A kudu maso yammacin Najeriya ruwan sama kan ɗan tsagaita daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Agusta kafin ya dawo da ƙarfi a Satumba. Sama a lulluɓe take da gajimare mafi yawan yini, amma ba a tafka ruwa sosai, ga ganye kore shar ko'ina.

Washegari bayan sallar asuba na saka farar jallabiyata na bi shanu. Belbelu sun fi ashirin a tsakanin ƙafafunsu. Na nufe su kai tsaye ina danna kyamara, suka tashi suka sauka gaba, na bi, suka sake tashi. Haka na yini. Da dare na duba abin da na ɗauka, hoto kusan ɗari huɗu, babu guda da zan iya nuna wa mutum. Wasu bayan tsuntsu ne yana gudu, wasu sun yi dishi-dishi, belbelun da suka fito kuwa farinsu ya ƙone, ba a ganin gashin jikinsu ko kaɗan, sai ka ce an liƙa farar takarda a kan ciyawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na zo da tunanin cewa wanda ya iya hoton mutum ya iya na komai.

Kawu yana kishingiɗe a tabarma yana jin rediyo. Ya karɓi kyamarar ya duba biyu-uku, ya miƙo mini. Ya ce, "Ɗana, gobe da jibi ka bar wannan abin a ɗaki. Ka cire farin kayan nan, ka sa tsohuwar rigar kiwo ta yayanka, ka zo ka zauna kusa da ni." Na ce, "Kawu, ai kwana goma kawai gare ni." Ya ce, "To biyu daga ciki nawa ne."

Kwana biyun nan su ne tushen duk abin da na samu daga baya. Kawu mutumin Haɗeja ne, a bakin fadama ya tashi, can inda ruwan Haɗeja da na Jama'are ke malala su yi dausayin da ya kai har Nguru. Bai taɓa riƙe littafin tsuntsaye ba, amma ba ya ɗaga kai kafin ya faɗi wanda ya yi kuka. Muna zaune a gindin wani kwakwan manja, sai muka ji wani sauti daga cikin duhuwa kamar ana tsiyayar ruwa daga kwalba. Ya ce ragon maza ne, in zuba ido a ƙasan ciyawa, ba sama ba, don shi ba ya son tashi. Bayan kamar minti goma sai ga shi ya ratso yana tafiya da ƙafa, fukafukai ja-ja, kai baƙi, ƙirji fari, jela doguwa, ido ja wur. Na haifu a Legas, na tabbata na sha jin kukan nan a bayan gidaje, amma ban taɓa sanin mai shi ba.

Belbela kuwa, ya ce kirarinta ya gaya mini komai da na saurara: ci da motsin wani. Ba shanun take so ba, fara da ƙwarin da kofatonsu ke tayarwa take bi. Saboda haka ba a bin ta a baya. Ana duba inda garke ya dosa, a je gaba a zauna, shanu su kawo maka ita har gabanka. Ya nuna mini hankaka biyu a kan wata bishiya ya ja karin maganar nan ta mai da ɗan wani naka. Daga baya da na bincika na gane ba zance ne kawai ba: akwai wani tsuntsu mai ɗige-ɗigen fari a fukafuki da ba ya yin sheƙa, sai ya saka ƙwansa a ta hankaka, ita kuwa ta ƙyanƙyashe ta yi ta ciyarwa. Mutanen da suka yi karin maganar sun zauna sun kalla, kamar yadda Kawu ya sa ni zama.

Ya kuma sa ni lura da abin da babu. Ya tambaye ni ko na ga shirwa tun zuwana. Na yi tunani, ban gani ba, alhali a watan Janairu ba ka ɗaga kai a Agege ba tare da ka ga tana shawagi ba. Ya ce ta bi damina ta yi arewa, sai ruwa ya ɗauke za ta dawo. Shamuwa ma yanzu tana can tana sheƙa a kan kukoki da rufin gidaje a ƙasar Hausa. Da ya ambaci ungulu sai muryarsa ta canja. Ya ce lokacin da ya fara zuwa Ikko, wato Legas, ana kora ta ne a mayanka, yanzu kuwa yana kai shanu mayankar Oko-Oba ya yini bai ga guda ba. Gaskiyarsa. Tun shekarar 2015 aka sa irin ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma manyan dalilan su ne guba da ake sa wa mushe da kuma farautarta don sayar da kai da ƙafafunta ga masu haɗa magani. Tsuntsun da ke kwashe mana ƙazanta kyauta ke nan, muka bari ya kai haka.

Rana ta huɗu ya ba ni izinin ɗaukar kyamara, kuma shi ya zaɓa mini inda zan fara: wata bishiya a bakin ƙauyen da kabare suka cika da sheƙa, sun fi ɗari a rataye kamar ƙananan kwanduna. Dabara ce mai kyau, don su sun saba da mutane, kuma ba za su bar wurin ba. Damina ce lokacin aurensu. Namijin yana sanye da rawaya mai haske, kai baƙi, ido ja. Shi ke saƙar: ya je ya tsage ganyen kwakwa ko doguwar ciyawa siriri, ya dawo ya ɗaura da baki da ƙafa, ya fara da zobe, sannan ya gina ɗaki a kansa da ƙofa tana kallon ƙasa. In ya gama sai ya rataya a ƙarƙashi kai a ƙasa, yana karkaɗa fukafukai yana ihu, mace ta zo ta leƙa ciki. In ba ta yi mata ba ta tafi, shi kuma wani lokaci ya warware ya sake sabuwa. Na yi awa uku a wurin ban ji wucewarsu ba.

A gindin bishiyar nan na gyara kurakuraina ɗaya bayan ɗaya. Na daina barin kyamara ta zaɓa wa kanta komai. A biki nakan bar saurin ƙyaftawarta a kashi ɗaya cikin 200 na daƙiƙa, ya ishi mutum tsaye. Tsuntsu ko yana zaune kansa ba ya tsayawa, sai na kai 1/1000, in yana karkaɗa fukafuki kuwa 1/2000. Matsalar ita ce saurin nan yana rage hasken da ke shiga, ga sama a rufe. Dole na buɗe gilashin iyakarsa, f/5.6, na ɗaga ISO, wato ƙarfin da kyamara ke karɓar haske da shi, zuwa 1600, wani lokaci 3200. Hoton yakan yi ɗan tsakuwa-tsakuwa, amma gara wannan da wanda ya yi dishi, don tsakuwa ana rage ta a kwamfuta, dishi kuwa ba shi da magani. Na mayar da wurin saitin gani ya zama ɗigo guda tak, ina ɗora shi a kan idon tsuntsu, domin in an bar wa kyamara zaɓi ganyen da ke gaba take kamawa. Na koyi juya wa rana baya. Farar belbela kuma na gane sai an rage haske da mataki ɗaya ko fiye kafin gashinta ya fito. Da yamma na je gaban garke na zauna a ƙasa kamar yadda aka ce mini. Cikin rabin awa wata ta zo har taku biyar daga inda nake, da fara a bakinta, da ɗan ruwan ƙasa-ƙasa a ka da ƙirji, adon da take yi lokacin ƙwai.

A nan wani abu ya faru da ya kamata in faɗa. Wani yaro ɗan shekara goma sha biyu da ya ga wahalar da nake sha ya zo da sheƙa guda a hannu, da 'ya'ya biyu tsirara a ciki, ya ce in ɗauka da kyau, in ina so ma zai kamo babban ya ɗaure masa ƙafa da zare. Taimako yake nufi. Na sa ya hau ya mayar da ita, muka ɗaure a reshen da ya ciro ta, na kuma zauna nesa har na ga uwar ta dawo da abinci, sannan hankalina ya kwanta. Ni ma na yi nawa kuskuren. Na kunna kukan ragon maza daga waya don ya fito fili. Ya fito kuwa, amma a firgice, yana tsalle daga reshe zuwa reshe yana neman kishiyan da ya shigo masa gida, ya bar abin da yake yi na kusan rabin awa. Ban sake ba. A ganina hoton da aka samu ta hanyar tayar wa mai rai hankali a lokacin da yake kiwon 'ya'ya bai cancanci a yi alfahari da shi ba.

Rana ta shida Kawu ya haɗa ni da wani dattijo masunci, Bayarabe ɗan Ijabu, abokin cinikinsa na shekaru. Baba nake ce masa, muna magana da Yarbancin da na tashi da shi a Agege. Muka yi ciniki zai riƙa fita da ni a kwalekwale da sassafe kafin ya duba komarsa. Rana a Legas a watan Agusta ba ta fitowa sai wajen bakwai saura ashirin, don haka ina idar da asuba nake tafiya, mu shiga ruwa da sauran duhu.

Safiyar farko ina ciro kyamara daga robarta gilashin ya yi hazo fari fat. Na sa gefen riga zan goge, sai na tuna kwarzane, na haƙura na jira minti ashirin ya washe da kansa, mafi kyawun haske ya wuce ina kallo. Daga ranar nake buɗe robar tun a gida, in rataya kyamara a wuya ta saba da iskar waje kafin mu isa. Abu na biyu, kwalekwale ba ya tsayawa cik. Na koyi zama a ƙasan jirgin, in kafa gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, in riƙe numfashi, in ɗauki biyar-shida a jere, guda a ciki yakan fito. Baba kuma ya iya sakin filafili daga nesa ya bar jirgin ya silale da kansa ba ƙara.

Ruwan Epe duniya ce daban. Akwai lunguna da itatuwa suka tsaya a cikin ruwa da saiwoyinsu a waje kamar ƙafafu, akwai kwakwan tukurwa, akwai bado da kainuwa, da ciyawar nan mai fure shuɗi-shuɗi da ta shigo ruwan Legas ta wajen Badagry a 1984 take toshe wa jirage hanya har yau. A kan ganyen bado na ga wani tsuntsu ja-ja mai farin wuya da goshi shuɗi, yana tafiya a kan ruwa kamar a tudu. Da na duba da madubi sai na ga yatsun ƙafarsa sun yi tsawo fiye da kima, su ke raba nauyinsa a kan ganye. A irinsu namiji ne ke kwanci da reno, kuma in ya ji tsoro yakan kwashe 'ya'yan a ƙarƙashin fukafukansa ya gudu da su, ƙafafunsu na reto. Mun ga zalɓe tsaye kamar an dasa shi, mun ga guza ta silalo daga kan kututture ta faɗa ruwa, mun ga wani babban tsuntsu fari da baƙi mai jan fuska, dangin ungulu ne amma 'ya'yan kwakwan manja ne mafi yawan abincinsa. Baba ya nuna mini wani lungu ya ce ayu na shigowa nan cin ciyawa da dare. Na zuba ido kowace safiya, ban dace ba.

Wanda ya cinye mini sauran kwanakin shi ne ɗan tsuntsun nan mai kamun kifi, fari da baƙi, mai dogon baki da ɗan tukku. Yakan tashi sama da ruwa ya tsaya cak a iska, fukafukai na kaɗawa, kai bai motsa ba, baki na kallon ƙasa, sannan ya faɗo kamar an jefa dutse. Kwana biyu ina bin sa da kyamara a sama ban samu komai ba, ya fi hannuna sauri. Na kai ƙara wajen Kawu. Bai taɓa shiga jirgin ba, amma tambaya ɗaya ya yi: "In ya kama kifin, ina yake kai shi?" Washegari na ajiye kyamara a cinya na kalla kawai. Cikin kamu bakwai, biyar ya kai su kan wani turke guda da masunta suka kafa don ɗaure koma. A nan yake buga kifin a jikin itacen har ya daina motsi, ya juya shi, ya haɗiye ta kai.

Rana ta tara muka isa kafin shi. Baba ya cusa jirgin cikin ciyawa kamar taku goma sha biyar daga turken, gabas na bayanmu, ya ɗaure. Na saita gani a kan turken tun babu kowa a kai, 1/2000, ISO 1600, na rage haske kaɗan saboda farin ƙirjinsa, na rufa da tsohon buhu. Sauro suka samu abinci. Ƙafata ta mutu, na kasa gyara zama don kada jirgin ya motsa. Mun yi minti arba'in da wani abu. Sai na ji ƙarar faɗawa ruwa daga hagu, ban waiwaya ba, idona na kan turke. Ya sauka da ɗan kifi mai sheƙi a gicciye a baki, ruwa na ɗiga daga gashinsa, a daidai lokacin kuma gajimare ya ɗan tsage rana ta leƙo. Na danna ban saki ba. Goma sha ɗaya na ɗauka, na bakwai ne ya fito: ido tar da ɗigon haske a ciki, kifin a lanƙwashe, ɗigon ruwa uku a iska. Hannuna na rawa na miƙa wa Baba, ya daɗe yana kallo, ya ce shekara hamsin yana ganin tsuntsun nan bai san idonsa haka yake ba.

Kowane dare ina rubuta abin da na gani: rana, wuri, lokaci, launi, girma idan an kwatanta da kurciya, da abin da yake yi. Wanda na kasa ganewa nakan sa hotonsa a manhajar Merlin ta jami'ar Cornell ta Amurka ta ba ni zato, sannan in gwada da bayanina, don tana kuskure wani lokaci. Na tashi da iri 43 da na tabbatar, da shida da na bari da alamar tambaya. Najeriya na da fiye da iri 900. Na kuma samu labarin cewa tun 2015 akwai aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos ke jagoranta, inda masu sa kai ke tura abin da suka gani ta manhajar BirdLasser. Irin wannan rubutu yana da amfani musamman a gefen Epe da Ibeju-Lekki, inda na ga da idona ana cike fadamu da yashi ana kafa allunan sayar da filaye. Wurin da babu wanda ya rubuta abin da ke cikinsa, in ya tafi ba mai iya cewa ga abin da aka rasa.

A hanyar dawowa na biyo ta Lekki na tsaya a gandun da gidauniyar kare muhalli ta Najeriya ta kafa a 1990, hekta 78 na daji da fadama a tsakiyar gine-gine. Na hau gadar nan ta saman bishiyoyi mai tsawon mita 401. Birai sun saba da mutane har sun yi yawa, hotonsu ba wuya, sai dai a riƙe jaka da kyau. Wuri ne mai kyau ga wanda ba shi da kawu a ƙauye, amma ya je ranar aiki da sassafe, don ranar Asabar hayaniyar masu yawon buɗe ido na korar komai.

Na wanke hoton mai kamun kifin babba, kwafi biyu, na sa a firam, ɗaya na Baba ɗaya na Kawu, na aika ta hannun direban da ke ɗauko musu dusa. Kawu ya kira ni da dare. Ya ce, "Ɗana, macen ka ɗauka." Na ce, "Kawu, ta yaya kuka gane?" Ya ce in duba ƙirji: namiji ɗamara biyu baƙaƙe gare shi, mace guda ɗaya, ita ma a katse a tsakiya. Na buɗe kwamfuta muna kan waya, guda ɗaya ce a katse. Ya ce a Janairu zai je gida Haɗeja, lokacin da agwagin ruwa da sauran baƙin da ke tsallako hamada daga Turai suke cika fadama har Dagona, in shirya mu tafi tare. Na riga na gaya wa masu biki biyu cewa makon nan ba na gari, kuma na fara tara kuɗin gilashi mai milimita 400.